Inda Inna Ta Ce In Tsaya

Jikata ce ta tono wannan zance, kuma ba da niyya ta yi ba. Wata Juma'a bayan mun ci abinci ta zauna kusa da ni a bakin taga, ta nuna wayarta ga wata tattabara da ke can saman benen maƙwabta, ta sa yatsu biyu ta buɗa, sai ga tattabarar ta cika gilashin har ana ganin jan idonta. Ta juyo tana jiran in riƙe baki. Na ce mata, “Amarya, ajiye abin nan. Ni na jawo nesa kusa tun ubanki bai zo duniya ba, kuma da hannu na jawo, ba da shafa ba.” Ta yi dariya ta ce, “Ya Sidi, kullum kai ne na farko a komai.” Sidi suke ce mini, yadda yaran Makka ke kiran kakansu, Hausar tasu kuwa sai da lallashi take fitowa. Ni ban ce ni ne na farko a komai ba. Amma a unguwarmu ta Tandabawi a nan Makka, a cikin 'ya'yan Hausawa, ni na fara riƙe kyamarar fim mai zum, wannan kam ko a gaban alƙali zan faɗa.

Tandabawin da nake nufi ba wadda za ka gani yau ba ce. A wancan lokaci ba agogo ke tashe mu ba, duk da ni mai gyaran agogo ne. Kiran sallar Harami ke shigowa har ɗaki, don babu dogayen benaye da za su tare shi, sannan ƙarar garwar masu ruwa da ke hawa lungu da sanda a kafaɗa, sannan luguden mata. Luguden nan shi na fi kewa. In ka tsaya a kan rufi da hantsi ka rufe ido za ka rantse a wani ƙauyen Katsina kake, sai ka buɗe ka ga baƙaƙen duwatsun Makka sun kewaye ka. Rufin gida shi ne falonmu, shi ne wurin shanya. A nan ake baza kuɓewa da naman layya, a nan mata ke kitso, a nan ake leƙa maƙwabta a nemi gishiri. Yanzu kowa ya shige ɗaki ya kunna na'urar sanyi ya rufe taga, maƙwabcinka zai yi jinya ya warke ba ka sani ba. Ba na cewa zafi ya fi sanyi daɗi, ni ma ban kashe tawa ba. Ina dai faɗin abin da muka bayar muka karɓi sanyin.

Shagona yana Hindawiyya, ɗan ƙarami, in na miƙa hannu biyu ina taɓa bango da bango. Agogo da rediyo nake gyarawa, in aikin Hajji ya zo in rufe in tafi Mina in yi wa alhazai jagora. Da yake mutane sun ɗauka duk wanda ya iya buɗe agogo zai iya buɗe komai, sai aka fara kawo mini kyamarori. Ta farko da na buɗe wani alhaji ɗan ƙasar Jawa ya kawo ta, yashi ya shige ta. Ido ɗaya gare ta, ana wana ta a gefe kamar agogon bango, ta yi tarrr na ɗan lokaci ta tsaya sai an sake wanawa. In kana son fuskar mutum sai ka taka ka je gabansa, in kana son gidansa duka sai ka ja da baya har ka faɗa kwata. Bayanta aka kawo mai ido uku a kan wani ɗan faranti mai juyawa, na kusa da na tsakiya da na nesa. Sai ka tsayar da ɗauka ka murɗa farantin ya ce ƙwas, kafin ka gama wanda kake ɗauka ya gaji ya kama gabansa. Sai ga mai zum. Ita ido ɗaya ne dogo, amma cikinsa gilasai ne jere suna matsawa gaba da baya, da ɗan hannu a gefe. Ka tura hannun a hankali, mutumin da ke can ƙarshen lungu ya taho gare ka bai ɗaga ƙafa ba. Batir take ci, fim ɗinta kuma a cikin ɗan baƙin akwati yake zuwa, ka zura ka rufe, ba sai ka nemi duhu kana lalube ba. Wani likita daga Jidda ya kawo ta, hannun zum ɗin ya maƙale. Kwana uku na yi a kanta. Kafin in gama ya riga ya sami wata sabuwa, ya ce in riƙe, na kuwa riƙe da hannu biyu.

Yaran yau ba za su gane wahalarta ba sai an yi musu bayani. Kowane akwatin fim minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi, in ya ƙare ya ƙare, ba gogewa ba sakewa. Kuma ba za ka ga abin da ka ɗauka ba sai ka sa shi a ambulan an kai Jidda, an tura ƙasar Turawa an wanke an dawo da shi, wata biyu, wani lokaci uku. Sannan kurma ce. Tana gani tar, amma ko a kunnenta ka buga ganga ba za ta ɗauki sauti ba. Baba, Allah ya jiƙansa, ɗinkin hula yake yi, kuma bai taɓa son ta ba. Na taɓa sa masa ido a ciki na jawo masa mai shayin bakin titi har ya ga giɓinsa, ya janye kai da sauri ya ce, “Wannan abin ba shi da tarbiyya. Ya kai ka gaban mutum ba ka yi sallama ba.” Ya kafa mini doka: kada in nuna ta wajen Harami, kada in nuna ta ga matan mutane, kada in nuna ta ga wanda bai sani ba. Da aka cire waɗannan me ya rage a Makka? Tattabaru, awaki, motocin Mina, da abokaina suna buga ƙwallo. Su na yi ta ɗauka, kuma na ƙware, hannuna ba ya rawa ko na jawo abu har ƙarshe.

Yanzu bari in kawo Inna, mahaifiyata, don labarin nata ne. Ita da Baba a ƙafa suka baro gida suna matasa. 'Yarsu ta fari a lokacin an yaye ta ke nan, aka bar ta wurin mahaifiyar Inna kamar yadda aka saba, da niyyar shekara biyu ko uku su sauke farali su koma. Hanya ta ci shekara bakwai, suna tsayawa suna noman auduga a Sudan suna ƙara gaba. Da suka iso aka fara haihuwarmu, aka ce bari yara su yi ƙwari, yara suka yi ƙwari aka haifi wasu, komawa dai ba ta yiwu ba. Mu biyar aka haifa a nan, ni ne auta. Sunana a bakin Inna yake tun asuba har ta kwanta, in na yi daidai ta kira, in na yi laifi ta kira sau uku. Amma sunan waccan ta gida ban taɓa ji a bakinta ba ko sau ɗaya. Kunyar ɗan fari ce, kuma Inna ta riƙe ta yadda ba na jin akwai wadda ta riƙe. In dole ta kama sai ta ce “waccan”, ko “'yar tsohuwa”, ta kau da kai. Baba ma haka. Sunan yayata a bakin baƙo na fara jin sa, wani ɗan garinsu mai fataucin fata da kusan kowace shekara yake zuwa Hajji yana sauka gidanmu. Alhaji mai fata muke ce masa. Duk shekara Inna za ta haɗa tsaraba, dabino da zamzam da kwalli da turare, ta ɗora turmin atamfa mafi kyau a sama, ta tura masa ta ce, “A kai wa mutanen gida.” Shi ya san wa ake nufi, kowa ya sani, amma ba a faɗa.

Wata shekara Alhaji ya zo, bayan gaisuwa da ta'aziyyar tsohuwa, mahaifiyar Inna, da ta rasu a cikin shekarar, ya buɗe jakarsa ya fito da atamfar bara ko warware ta ba a yi ba. Ya ajiye a gaban Inna, kansa a ƙasa.

“Hajiya, ni ɗan aike ne, a yi mini afuwa. Mijinta ya so ya kawo ta bana, ta ce ba za ta zo ba.”

Inna ta kalli atamfar, Alhaji ya ci gaba.

“Ta ce a gaya miki ta gode, amma atamfa ba ta da baki. Ta ce kunyar ɗan fari ta san ta, ita ma tana yi wa nata. Amma nata yana ganin fuskarta kullum, ya san abin da ke ciki. Ita kuwa shekara arba'in ba fuska, ba suna. Ta ce uwarta ta rasu bana, tsohuwa ke nan, ita ta san da ita.”

Inna ta kalli butar shayi ta ce, “Alhaji, a ƙara maka?” Iyakar abin da ta ce ke nan. Amma kwana uku a jere tuwon gidanmu ya ƙone, mace da ban taɓa jin ƙauri a tukunyarta ba. Ni abin ya yi mini zafi, na ji haushin yayar da ban taɓa gani ba, na kuma ji haushin Inna, don kalma ɗaya ake nema a wurinta ta hana. Ga shi gwiwa ta fara ba ta wahala, ido ya fara hazo. Ko ba a faɗa ba kowa a gidan ya san lokaci ba jira zai yi ba.

Da wayona na 'yan zamani na ce ai magana ake so, ga rikoda. Na ɗauko daga shago na sa sabon kaset na ajiye mata a gaba kafin Alhaji ya koma. Inna ta gyara zama ta yi sallama. Ta gaida liman, ta gaida mai unguwa, ta gaida ƙannenta ɗaya bayan ɗaya da matansu da 'ya'yansu, ta tambayi ko rijiyar bakin kasuwa tana nan, ta tambayi tsamiyar ƙofar gida, har awakin gidan sai da ta ce a gaishe su. Sannan ta yi shiru, kaset yana ta juyawa, ni ina yi mata alama da hannu. Ta buɗe baki ta rufe. Ta ce, “Da sauran mutanen gida duka,” ta miƙe. Shekara ta zagayo Alhaji ya dawo ya ce Yaya ta saurari kaset ɗin har ƙarshe, da ya ƙare ta ce, “Awaki ma sun samu.” Gyaran da na yi ya ƙara ɓata abu.

Bayan alhazai sun watse gari ya yi shiru, wata ranar da hantsi ina kan rufi ina goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, sai na ji Inna tana hawowa, tana hutawa a kowace matakala. Ta zauna kan tabarma ta ɗauki kuɓewa tana juyawa, wai shanya ta zo dubawa. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:

“Auta, abin nan naka. An ce ba ya ji.”

“Ba ya ji, Inna.”

“Ko kaɗan?”

“Wallahi ko kaɗan. Hoto kawai, yana motsi.”

“In an kai shi wurin Turawan nan su wanke, su fa?”

“Su ma ba abin da za su ji. Babu sautin a ciki balle su ji.”

Ta ci gaba da juya kuɓewa. “Kai fa? Ai kai kana da kunne.”

Nan na fara gane inda ta dosa. Na ce, “Inna, wannan mai zum ce. Ko daga rufin Kawu zan iya kawo fuskarki kusa kamar ina gabanki.”

Gidan Kawu, ƙanen Baba, lungu ne ya raba mu da shi, da wani kango. Ta ɗaga kai ta auna nisan da ido. “Ɗayyib, shi ke nan,” in ji ta. “Je ka can mu gani.”

Na sauka na zaga na hau rufin Kawu. Na ga bakinta ya motsa, na ɗaga hannu alamar ban ji ba. Daga baya ta gaya mini cewa ta yi, “Auta shashasha ne, ba zai taɓa yin aure ba,” da ta ga ina ta washe baki ina ɗaga mata hannu sai ta tabbata ba na ji. Duk da haka ba ta yarda da bakin rufin ba. Ta yi ta kora ni da hannu, baya, baya, sai da bayana ya taɓa tankin ruwan Kawu, sannan ta nuna ƙasa da yatsa. Nan ta ce in tsaya.

Washegari bayan la'asar, lokacin da rana ke zuwa daga gefe ba ta ƙona fuska, muka yi. Baba ya sani, bai ce a yi ba bai ce a bari ba, ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci tun da wuri. Inna ta kori kowa daga rufin. Ta ɗaura atamfar nan da aka dawo da ita, ta sa kwalli, ta zauna kan kujera 'yar tsugunno, bayanta igiyar shanya da duwatsu. Ni kuma akwatin fim ɗaya tak gare ni. Na jingina da tankin, na matse gwiwar hannuna a ƙirji, don in ka jawo abu daga nesa ko numfashinka sai ya girgiza hoton. Na ɗaga hannu na danna. Kyamara ta kama tarrr a kunnena, Inna kuwa ta kama gyaran mayafi. Ta gyara dama, ta gyara hagu, ta kori ƙuda, ta kalli ƙasa. Ina ganin ɗan allurar da ke nuna yawan fim tana tafiya, kusan kashi ɗaya cikin uku ya wuce a gyaran mayafi, zufa ta cika mini ido, ba halin in yi magana. A raina na ce shi ke nan, kaset ya maimaita kansa. Sai ta ɗago. Na fara tura hannun zum a hankali, a hankali, igiyar shanya ta fita, duwatsu suka fita, kujera ta fita, har ya rage ba komai sai fuskar Inna, da zanen kumatunta na gado guda uku-uku da mu 'yan Makka ba a yi mana ba. Ban taɓa kallon mahaifiyata kusa haka ba, don ba a yi. Sai bakinta ya fara motsi.

Ban ji komai ba sai ƙarar kyamara da kukan tattabarun Kawu. Ta yi magana da farko a hankali, sannan da sauri kamar wadda ake kora. Ta ɗora hannu a ƙirji. Ta nuna gabas ta nuna yamma, ta ƙirga wani abu da yatsu. Ba ta yi kuka ba, amma kwallin ya ɗan zubo, ta share da bakin mayafi ba ta daina magana ba. Ana cikin haka na ji sautin kyamara ya canja, fim ya ƙare. Wannan ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba sai jikar nan tawa. Inna ba ta san ya ƙare ba, ta ci gaba. Na tsaya da kyamara a ido, babu komai a cikinta, hannuwana suna ciwo, ban motsa ba. Ta ƙara kusan minti goma tana zuba maganar shekara arba'in. Da ta gama ta shafa addu'a ta ɗaga mini hannu, na sauke. Da muka haɗu a ƙasa ta ce, “Ya shiga duka?” Na ce, “Ya shiga, Inna.” Allah ya yafe mini wannan, amma ko yau aka maimaita haka zan ce.

Fim ya tafi ya dawo bayan wata biyu da 'yan kwanaki. Na aro majigi wurin likitan nan na rataya farin zane a shago na rufe ƙofa, don in tabbata ya fito. Ya fito tar, ko girgiza babu, na yaba wa kaina. Da bakinta ya fara motsi sai na mai da idona kan igiyar wuta har ya ƙare. Inna kuwa cewa ta yi ba za ta kalla ba, me za ta gani a fuskar tsohuwa. Muka jira Hajji, muka ba Alhaji mai fata ɗan faifan fim ɗin a cikin gwangwanin alawa, na rubuta masa yadda ake zura shi. Muka sake jira. Yau jikata kan yi fushi in saƙo ya yi minti biyu bai tafi ba. Mu sai da watanni suka wuce wasiƙar Alhaji ta zo. Ya ce ya sha yawo kafin ya sami majigi irin wannan a wurin wani malamin makaranta a birni, aka ɗauko shi har ƙauye da injin wuta, aka toshe tagar ɗaki da tabarma. Ya ce da fuskar ta matso Yaya ta kai hannu ta taɓa nata kumatun. Da ya ƙare ta ce a sake. Aka sake, ta ce a sake. A karo na uku ta ce kowa ya fita, malamin ma ya kunna ya juya baya. Alhaji bai ƙara komai ba sai layi ɗaya: a gyara ɗaki.

Da aka fara sayar da kyamara mai ɗaukar sauti, ba da daɗewa ba bayan wannan, abokaina suka ce tawa ta zama tsohon yayi. Gaskiya ne, sabuwar ta fi ta a komai. Amma na sha tunani, da masu ƙera ta sun yi sauri da shekara biyu kacal, da mai sautin ce ta faɗo hannuna, da Inna ba ta hau rufin nan ba. Da kuma mai ido ɗaya ce, wadda sai an taka an je gaban mutum, da kunnena ya hana. Sai da aka sami wadda ke gani daga nesa kuma ba ta ji, a 'yan shekarun da ke tsakanin wannan da wancan, sannan Inna ta sami abokiyar magana.

Yaya ta zo a Hajjin da ya biyo baya. Ni na ɗauko su ita da mijinta. Doguwa ce, tafiyarta irin ta Inna sak, har na rasa abin faɗa a mota sai tambayar hanya. Tun safe Inna ta sa aka fito da turmi, ita da ta shekara biyu ba ta ɗaga taɓarya ba saboda gwiwa, ta daka fura da kanta, duk wadda ta zo karɓa ta kore ta. Amma da muka yi sallama muka shiga, sai muka tarar ta juya fuska ga bango tana jan carbi. Yaya ta durƙusa a bakin tabarma ta gaishe ta. Inna ta amsa a bango. Sannan ta ce, “Auta, baƙuwa ta sha hanya, a ba ta fura.”

Na ji kamar in nutse. Na ce a raina duk wahalar nan ta tashi a banza. Yaya kuwa ta karɓi ƙwaryar ta sha sosai, ta ajiye, ta ce, “Inna, saƙo ya iso. Na ji.”

“Wane saƙo? Abin ba ya ji, yaron nan ya rantse mini.”

“Shi ba ya ji,” in ji Yaya.

Inna ba ta juyo ba. Amma hannunta ya saki carbin ya lallaɓo ta baya a kan tabarma, ya sami hannun Yaya ya riƙe. Baba ya yi gyaran murya ya ce mana mu fito mu ba su wuri. A Mina a shekarar nan tanti ɗaya suka kwana, ni na kai su jifa ina tura Inna a keke, kuma har aka gama ban ji ta kira sunan ba. “Ke” take cewa, Yaya ta amsa da sauri kamar an kira ta da sarauta.

Kafin su koma na keɓe Yaya na ce, “Don Allah me ta ce miki a fim ɗin nan? Ni na ɗauka, ina da hakki.” Ta kalle ni sama da ƙasa irin kallon da ake yi wa auta. Ta ce, “Kai da ake kiran sunanka safe da yamma har ya gundure ka, me kake nema a cikin nawa?” Ban sake tambaya ba. Ta ƙara zuwa sau biyu kafin Inna ta rasu. Ita ma yanzu ta bi ta, kuma kafin ta rasu ta sa ɗanta ya dawo mini da gwangwanin alawar. Gidanmu da na Kawu da kangon da ke tsakani duk an share, in na bi ta wurin a mota ba na iya nuna ko inda ƙofar take.

Duk wannan na ba jikata a ranar Juma'ar nan, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ta matsa sai da na ba ta faifan ta kai wani shago aka mayar da shi cikin waya. Bayan mako guda ta dawo ta zauna kusa da ni ta kunna. Ga Inna tana gyaran mayafi, ga igiyar shanya, ga duwatsu, ga fuskar tana tahowa a hankali ba girgiza. Na ce, “Kin ga hannu ko?” Ba ta yi dariya ba, idonta ya ciko. Da bakin Inna ya fara motsi ta tsayar da hoton ta ce, “Ya Sidi, ka san yanzu akwai barnamij, manhaja ke nan, da ke karanta leɓe? In an sa masa wannan, da wanda ya iya Hausa sosai, mumkin, wataƙila, mu san abin da ta ce. Kalma kalma.”

Ba zan ɓoye ba, raina ya so. Shekaru nawa ina ɗauke da wannan tambaya, ga amsa a tafin hannun yarinya. Na kalli fuskar Inna a tsaye a gilashin, bakinta a ɗan buɗe, kwalli ya fara zubowa. Na sa hannu na kife wayar a kan cinyarta.

“Lesh, don me, ya Sidi? Su biyun duk sun rasu, Allah yarhamhum. Wa zai ji kunya?”

Na ce, “Amarya, ita ta auna nisan da kanta. Ta kora ni baya har sai da na jingina da tanki, ta nuna ƙasa ta ce in tsaya nan. Har yau ba ta ce in matso ba.”